Na Kashe Shi Na Gudu

Mijin yayata ɗan ƙabilar Alago ne, direban akori-kura, yana ɗauko doya daga Agyaragu ya kawo kasuwar Lafia. Hausarsa irin ta garin nan ce, komai a wurinsa "shi" ne. Mota shi, tukunya shi, ita kanta yayata da ta haifa masa 'ya'ya, shi. Mu kuwa fatauci ne ya kawo iyayenmu daga Kano, a gidanmu ba a yi wa harshe wannan wulaƙanci, don haka na sa shi gaba da tsiya. In ya ce, "Matana ya fita," sai in ce, "Yaya, wane ƙato ka aura ba mu da labari?" Shi kuma ya laƙa min suna Malama.

Motar tasa tana da ciwo ɗaya, birki. Sai ya yi ta takawa kafin ya kama. Yayata ta yi magana har bakinta ya gaji, kullum amsarsa, "Bari kaka ya wuce, zan gyara shi."

A shekarar da soja suka miƙa mulki, wata ranar kasuwa da hantsi, ina rumfar mahaifiyata a bakin titi na ji ƙara. Na fito a guje. Motarsa ce, maƙare da doya. Wani magidanci ne ya ɓullo a kan keke da buhun agushi, birki ya ƙi. Mutumin yana kwance dab da taya, ƙafarsa ta karye ta juya baya, jini na fita ta kunnensa, agushi ya watse cikin jinin. Amma yana numfashi, da idona na gani. Mijin yayata ya leƙo ya dube shi, ya murɗa makulli motar ta yi shiru, ya diro.

Ko miƙewa bai gama yi ba jama'a suka rufe shi da duka. Faskare, ƙotar fartanya, dutse, har da doyar da ya ɗauko. Na ji ƙarar karyewar hannunsa. Wani ya sare shi a goshi, jini ya rufe masa ido. Yadda ya kuɓuce ban sani ba, sai dai na hango shi yana gudu, hannun na reto, ya nufi ofishin 'yan sanda. Abin da ake koya wa kowane direba ke nan tun yana yaron mota: in ka buge mutum kada ka tsaya.

Da suka rasa shi suka koma kan motar. Aka ja mai keken gefe kamar buhu, aka shiga neman fetur da ashana. Na yi ta roƙo a kai shi asibiti, babu wanda ya ko kalle ni. Sai da wuta ta ci rabin motar wani ɗan acaɓa ya yarda aka ɗora masa shi. A hanya ya cika. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ɗan sandan da ya ɗauki jawabin mijin yayata mutumin can arewa ne, Hausarsa tsaf irin tamu. Ya ce masa me ya faru. Ya ce, "Na buge mutum. Na duba, yana motsi. Sai na kashe shi na gudu." Yadda ya ji haka ya rubuta da Turanci, aka dangwala masa yatsa. Aka tuhume shi da kisan kai da gangan, laifin da hukuncinsa rataya ne.

Lauyan da muka samu ɗan ƙabilar Eggon ne. A zaurenmu ya zauna ya warware mana. Ya ce doka ta raba kisa: wanda ya yi niyya, ransa za a ɗauka, wanda ya yi sakaci da abin da ke wuyansa ya kula da shi, kamar direba da birkinsa, ɗauri ne. Na ce to su waɗanda suka tsaya ƙona mota mutum na mutuwa a gabansu fa? Ya ce ƙona mota laifi ne in an san wanda za a kama, amma kai shi asibiti doka ba ta ɗora musu ba. Na ce amma dai Allah ya ɗora.

Da yake shi ma lauyan Hausar garin yake yi, yana zuwa gidan yari tambaya ɗaya ya yi. "Me ka kashe?" Mijin yayata ya ce, "Motan mana."

Ni aka kira shaida a kan haka. Lauya ya ce yaya yake kiran matarsa. Na ce, "Shi, ranka ya daɗe." Kotu ta kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don matar mamacin tana zaune tana kallona. Likita ya ce duk raunin na bugun mota ne, 'yan kasuwa kuma babu wanda ya ga ya taɓa mutumin. Alƙali ya soke tuhumar gangan. Da aka zo kan birki, mijin yayata da bakinsa ya ce ya san ba ya kamawa, aka ɗaure shi shekaru.

Ya fito hannu a karkace, tuƙi ya ƙare. Dangi suka haɗa masa injin niƙa a hanyar Kwandere. Ran nan na kai masara, ƙara ta cika rumfar, ya yi fari fat da gari, ya rame. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, kashe shi mana in gaishe ka!"

Inji namiji ne, Hausata daidai take. Ya tsaya yana kallona. Sannan ya miƙa hannun mai lafiya ya ja ƙarfen, wurin ya yi tsit.

"Na tsayar da shi, Malama," ya ce. "A nan ba ma faɗin wancan."