Takardar da Na Sa a Kular Kifi

Babu shi! Jiya likita ya duba hoton cikina sau biyu, ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, ban ga komai ba."

Assalamu alaikum. Ku yafe ni, murna ta sa na manta da sallama. Fiye da shekara ba ku ji ni a nan ba, har abokan sana'a na kasuwar kifi ta Kado suna tambaya ko na koma ƙauye ne. Ban koma ba. Ciwon dajin hanji na yi.

Shekaru cikina yana murɗawa yana lafawa. Sai jini ya fara biyo bayan gida. Duk wanda na raɗa wa a kasuwa sai ya ce basir ne, kowa kuma da mai maganinsa. Na sha na jarka, na sha na kwalba daga tashar Nyanya, na ɗora da ƙwayar kemis. Murɗawar ta yi shiru. Jinin bai tsaya ba.

Wandona ya fara zamewa. Katan ɗin kifi da nake ɗagawa da hannu ɗaya ya koma sai na huta sau biyu.

Ga inda wautata take. 'Yata ta fari aikinta ke nan. Dakta ce, amma ba ta asibiti ba, ta ɗakin bincike. Tun da ta gama jami'a abu ɗaya take bi: yadda kumburin da ya daɗe a jiki yake rikiɗewa ya zama daji. Na taɓa jin tana yi wa ƙannenta bayani a tsakar gida ina alwala. Ta ce in wuri ya ji ciwo yakan aika kira, sojojin jiki su zo su yi gyara su tafi. In kiran ya ƙi tsayawa, su ma ba sa tafiya. Ana rushewa ana ginawa, har wata ƙwaya ta fito a karkace, ta ƙi mutuwa, ta yi ta haihuwa.

Da kunnena na ji. Na gama alwalata na tafi masallaci.

'Yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ko a nan ba zan rubuta shi ba. Gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau da Allah ya yi albarka. Da wane ido zan dube ta in yi mata zancen bayan gida? Na ce wa Hajiya, maiɗakina, ta gaya mata. Ta ce, "Ni? Ba dai da bakina ba, Alhaji."

Wata safiya jiri ya ɗebe ni a gaban firinji, na farka kaina a kan buhun ƙanƙara. Maƙwabciyar rumfata, Mama Ngozi, tana yi min fifita da kwali tana cewa, "Alhaji, ido naka ya yi fari kamar cikin kifi. Wannan ba basir ba ne."

Duk Juma'a nakan aika wa 'yata kifi a kula. Ranar na yago takarda. Da furfurata na koyi rubutu a ajin yamma na manya, ban san don wannan ranar na koya ba. Na rubuta: "Jini wata takwas. Ina ramewa. Babanki." Na ƙulle a leda, na ɗora a kan kifin.

Kafin la'asar ta iso gidana a Lugbe, ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a ƙasa.

"Baba, jinin ja ne ko baƙi?"

Hajiya ta tashi da sauri wai tukunya tana ƙonewa. Na amsa ina kallon bango.

Sai asibiti. Aka ɗebi jini. Aka ba ni ruwan wankin ciki, aka zura kyamara ta ƙasa, aka yanko ɗan nama. Kwana goma muna jiran sakamako. Likita ya ce, "Daji ne. Bai kai hanta ba tukuna." Wannan tukunar ta bi ni har gida.

A mota 'yata ta daɗe ba ta kunna ba. Ta ce, "Baba, kullum ina kallon ƙwayoyin nan a madubin bincike. Ban taɓa jin tsoronsu ba sai yau."

Aka yanke wani sashe na hanjin. Sannan ƙarin ruwan magani duk bayan mako biyu. Amai, zawo, abinci kamar ƙarfe a baki. Yatsuna suka daina jure sanyi, ko kofin ruwa na taɓa sai in ji kamar lantarki. Mai sayar da kifin ƙanƙara ke nan! Firinjina biyu suka tafi a jinya. Mutumin da muke zama kujera kusa da kujera a ɗakin ƙarin ruwa, wata Talata na tarar da wani a wurinsa. Ban tambaya ba.

'Yata ke kai ni kowane zama. A hankali na lura tafiyarta ta yi nauyi. Ba ta faɗa ba, ban tambaya ba. Na dai riƙa roƙon Allah ya bar ni in ga abin da ke cikin.

Jiyan likita ya ce za a riƙa duba ni duk bayan 'yan watanni, don ciwon yakan dawo. Na ji. Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Hajiya, da Mama Ngozi, da ita.

Ku dattawa irina: in kun ga jini, kada ku ce basir har sai likita ya ce basir. In baki ya kasa, ku rubuta. In ba ku iya ba, ku sa a rubuta muku.

'Yar tawa ta haihu, namiji. Mijinta ya sa masa sunana. Yanzu ita ma ba ta iya kiran sunan ɗanta, sai dai ta ce Abba. Mun yi canjaras.

Ranar Asabar bayan azahar za su kawo shi gidana a Lugbe. Duk wanda ya karanta wannan ya zo. Ku zo ku ga takwarana, ku gan ni ina cin tuwo da hannuna.