Ƙahon da Na Sa Aka Yi wa Mahaifina

A shekarun da aka fara shari'a a Zamfara ni direba ne, ina jigilar 'yan kasuwa tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi. Ga taurin kai, gani nake babu abin da likita zai faɗa wanda ban riga na ji a tasha ba. Mahaifina manomi ne a Dauran. Wata damina ya fara ramewa, noma kaɗan sai haki, gefen cikinsa na hagu ya kumbura ya yi tauri. Na kai shi asibiti a Gusau aka gwada jini. Likita ya ja ni gefe ya ce ciwon daji ne na jini, ya fara bayani. Wallahi daga kalmar daji ban ƙara jin komai ba. Na ɗauko tsoho muka koma gida, na ce masa saifa ce kawai.

A wautata, tunda jini ne ya ɓaci, sai a zuƙe shi. Na sa wanzami ya dinga yi masa ƙaho. Baƙin jini na fitowa sai in nuna masa in ce ga ciwon nan yana tafiya. Ranar ƙarshe tsagar ta ƙi daina zuba, tsoho ya sulale kan tabarma. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da muka koma asibiti, likitan ya wanke ni tas. Ya ce ciwon a ɓargo yake, inda ƙaho ba ya kaiwa, kuma irin mai tafiya a hankali ne, an samo ƙwayar da ake sha kullum tana danne shi. Abin da ya so gaya mini ke nan tun farko. Aka ƙara wa tsoho jini, aka tura mu babban asibiti. Cikin 'yan watanni kumburin ya sauka, ya yi shekaru yana cin tuwonsa har da neman ƙari. Alhamdulillahi, har jikokinsa ya aurar.

Da na nemi gafararsa, ya ce ƙahon ya yafe, amma ɓoyewar ta fi yi masa ciwo, don na gama yi masa jana'iza a zuciyata alhali muna cin abinci kwano ɗaya. Jama'a, in likita ya fara magana ku tsaya ya kai ƙarshe, kuma ku bar tsoho ya ji da kunnensa. Jikin nasa ne.