Wayar Kaka Nomau a Cikin Ludayi

Ku da kuka san Kaka Nomau maɗori, na tabbata ludayin nan ne zai fara faɗo muku a rai kafin ma fuskarsa. Ludayin duma ne, ya ɗaure shi da tsumma a bakin sanda mai kamu uku, kuma a cikinsa wayarsa ta yi rayuwarta. In ta yi ƙara sai ya sa wanda ke kusa ya danna ya buɗe murya, shi kuwa ya miƙa sandar can nesa kamar mai ba mafaɗaciyar saniya dusa, ya hau ihu: "Wa ne na? Mi kac ce? Ɗaga murya, ban jiya ba!" Ga kunne ya yi nauyi, ga waya a kamu uku. Duk ƙauyenmu na gefen Issawane sai ya ji abin da mai kiran ya faɗa, ban da wanda aka kira.

In ka tambaye shi dalili, amsa ɗaya ce: "Abin ga ɓargo shika sha." A wurinsa waya, da tele, da firigo, da duk abin da ke cin kuran, wato wutar lantarki, suna fitar da wata iska da ido ba ya gani, tana ratsa nama ta tsotse ƙashi. Shekara hamsin yana ɗora ƙasusuwan mutane da karan ɗori, wa zai gaya masa zancen ƙashi?

Ni Zuwaira, jikarsa, ni na fi kowa shan wahalar ludayin nan, kuma ba don abin dariya kaɗai ba. Mahaifina Habu shi ne ɗansa namiji tilo, shi ya kamata ya gaji ɗori. Sai ya ƙi, ya koyi gyaran waya, suka yi kaca-kaca, ya haura Aljeriya ya buɗe rumfa. Tun daga nan kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya kira tsohon, kuma kowace Juma'a tsohon ya miƙa sanda ya ce: "Ban jin ka! In kana da magana, taho ka sa baki ga kunnena." Babana kuwa ga murya ƙasa-ƙasa, ga hanya ba ta biyuwa yadda mutum ke so. Shekara tara ana haka, uba da ɗa ba su ji kalma goma ta juna ba. Ina aikin jinya a gidan likita na Tasawa, ina ganin yadda tsofaffi ke tafiya ba sallama, shi ya sa hankalina bai taɓa kwanciya ba. Duk hutun da na samu sai in faɗa mota in je in yi ta fama da shi.

Kun tuna tulun da ya rataye a jikin gawo a ƙofar gida? Duk wanda aka kawo da karaya, shi da masu rakiyarsa sai sun zuba wayoyinsu a ciki kafin su tsallaka zaure. Ina zaune wata rana aka kawo wani ɗan kabu-kabu daga Mayahi, cinyar dama ta karye. Kaka ko sannu bai yi masa ba.

"Wane aljihu kaka sa waya?"

"Na dama, Baba."

"Kun gani! Kun gani ko?"

"Baba, ai mota ce ta banke ni."

"Mota ta iske aiki an gama, ƙarashe tay yi."

Ba a yi wata ba aka kawo wani, shi ƙafar hagu ce, waya kuma a aljihun dama. Na ce alhamdulillahi, yau na kama tsohon nan. Na gyara zama na ce: "To angona, yau fa?" Ya dube ni sheƙeƙe ya ce: "Ke da kin yi lakkwal, kin sha boko, ba ki gane ba? Ta dama ta shanye, ta jibga wa ta hagu kaya, ta hagu ta kasa." Ya ci gaba da jan ƙafar mutane, mutumin na salati.

Nan na fusata. Na ce masa likitoci ma suna nan suna binciken wannan magana, har yanzu ba wanda ya tabbatar waya a aljihu tana cin ƙashi, kuma abin da na sani yana raunana ƙashi shi ne tsufa da rashin abinci mai kyau da yawan zama. Na ce akwai ma na'urar da ake sa wa karaya, da kuran take aiki, don ƙashi ya haɗe. Ya ce: "To kin gani! Abin da ka iya haɗa ƙashi, ba shi iya raba shi?" Sai ya ce tunda su suna bincike, shi ma bari ya yi nasa.

Ranar kasuwa ya sayo ƙashin sa guda biyu masu ɓargo. Ɗaya ya sa a ƙwarya shi kaɗai, ɗaya ya sa a wata ƙwaryar tare da wayata. Tawa fa, ba tasa ba! Ya rufe su da faifai ya ajiye bayan rumbu, ya ce kwana uku ba mai taɓawa. Kwana uku ina zagaye rumbun nan, ina jin wayata tana kuka a ƙarƙashin faifai, ban san ko daga wurin aiki ake nemana ba, shi kuwa yana zaune da sanda yana gadi. Rana ta uku ya tara dattawan unguwa, ya ɗaga faifai. Ƙashin da ke tare da waya fayau, ba ɓargo ko na shafawa. Ya ɗaga shi sama yana leƙen mutane ta cikin ramin.

Na ce: "Kaka, dubi kiyashi! Ƙwaryar baƙi ƙirin, su suka cinye!"

"To wa yak kira su? Ba abin kira ba ce?"

"Ina ɗayan ƙashin? A buɗe mu gani!"

Aka duba, faifai a ƙasa, ƙwarya a kife, ga sawun kare. Na ce shi ke nan, bincike ya rushe. Ya ce: "Ya rushe? Ƙashi biyu kare ya iske, wanne yaɗ ɗauka? Ko kare ya san wanda ad da ɓargo!" Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa sati guda ina kakkaɓe kiyashi daga wayata, tana warin miya.

Haka muka yi ta yi har kakar bara. Tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya ya ce ba wanda ya iya jera damin hatsi a rumbu sai shi. Ya hau, tsani ya goce, ya faɗo a kan ƙugu. Maɗori ba ya ɗora ƙugunsa, dole aka nufo Tasawa da shi. A cikin azabar nan sai da ya sa direba ya tattara wayoyin fasinja a buhu aka ɗaure a saman mota tare da awaki. Da suka iso na tare su, ina kuka ina dariya, na ce: "Kaka, kai a wane aljihu ka sa taka?" Ya ce: "Ba tawa ba ce, naku ne. Shekara nawa kuna shigo mini gida da su?"

Aka kai shi ɗakin ɗaukar hoton ƙashi. Na lallaɓa shi na ce ba ya zafi, ba ya komai. Ya yarda aka kwantar da shi. Mai ɗaukar hoton ya gyara na'ura, sannan ya koma bayan katanga kamar yadda aikin ya ce. Sai muka ji Kaka ya kwarma ihu: "Kai! In ba shi komi, mi yas sa ka gudu? Komo nan mu sha tare!" Har majo, babban ma'aikacin jinyarmu, sai da ya dafa bango don dariya. Na yi ta bayani cewa wannan haske daban ne da na waya, shi ya sa ake kiyaye shi. Ya ce: "Duk dangi ɗaya na, wani ya hi wani ci."

Hoton ya fito, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Na kai Kaka gidana, shi da ludayinsa da sandarsa. Ya sa aka fitar da firigo waje, aka lulluɓe tele da bargo, na yi duk ban yi musu ba. Kullum jiki yana ja baya. Babana yana can yana neman hanyar tahowa, hanya ta ƙi. Ni na san ba zai iso ba. Ina zuwa aiki ina dawowa a guje, ina ƙirga kwanaki zuwa Juma'a, ina roƙon Allah Ya kai tsohon.

Ya kai. Bayan an sauko masallaci waya ta yi ƙara a cikin ludayi. Ya kai hannu ga sanda, hannu ya kasa ɗagawa. Na ɗaga masa, na buɗe murya. Muryar Babana tana fita can ƙasa-ƙasa: "Baba? Baba, ya jikin?" Tsohon ya kasa kunne, ya sake kasawa, ya dube ni.

"Mi yac ce?"

"Yana tambayar jikinka."

Ya dubi ludayin. Can ya ce: "Hiddo ta."

Na zaci ban ji daidai ba. Na ce: "Kaka, ɓargo fa?"

"Ɓargon ya gama aikinshi. Kawo nan."

Na ciro ta na ɗora masa a kunne, ya danne ta da tafin hannunsa, irin danniyar da yake yi wa karaya. Na ga fuskarsa ta sauya da ya ji muryar. Ya ce: "Habu. Ashe muryarka ta tsuhwa." Suka yi ta magana, ban ji ta can ba. Sai na ji ya ce: "An ce abin ga in ya hwaɗi ya hwashe, kai ka haɗa shi? Kana buɗe cikinshi, ka lalubo wurin da yak karye, ka ɗaure, shi tashi?" Ya saurara. "To ai ɗori na, Habu. Ka gada. Allah Shi yi ma albarka."

Na fita tsakar gida na yi kukana mai isata. Da na dawo ya miƙo mini wayar da yatsu biyu, ya ce in jiƙa tsumma in goge masa kunne, kuma in gaya wa Habu kada ya kuskura ya sa ta a aljihu. Ranar Litinin da hantsi ya cika.

Ludayin yana nan rataye a ɗakina, kusa da firigon da na mayar wurinsa. Babana ya ce in ajiye masa har ya zo. Ni kuma, ba don na yarda ba fa, yanzu a jaka nake sa wayata.

Allah Ya jiƙan Kaka Nomau, Ya gafarta masa taurin kansa. Yadda ya tayar da bayinKa suka taka da ƙafafunsu, ya Allah Ka tashe shi da ƙashinsa lafiya lau, Ka haɗa shi da ɗansa inda ba sanda a tsakani. Amin.