Ba kunun Hajo ba ne

Na yi shekaru ina aikin jinya a Gwandu, amma akwai wata Laraba da ta ƙi fita raina. Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, ina kula da ɗakin maza a ƙaramin asibitinmu.

An dawo mana da Malam Bello, wani manomi daga Dodoru, bayan babban asibiti sun gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa. Sun ce ba a iya yin tiyata a inda ƙarin yake, suka haɗo shi da ƙwayoyi. Namu shi ne rage masa ciwo da lura da shan maganin. Matarsa Hajo ce ke jinyarsa, mace marar hayaniya. Da yake ruwa na sa shi amai, da kunun tsamiya take ba shi maganin.

Ran nan na shigo na tarar da yayansa, Alhaji Sahabi, tsaye a kanta, dangi sun yi cirko-cirko.

"Sista, ke gani," in ji shi. "Kowa ya san tsami na karya magani. Ita ta kashe ƙarhin maganin, shi ya sa ba sauƙi. Ta koma gidansu, mu kawo wata."

Hajo ba ta ɗago ba. Ta ce a hankali, "In ni na cuce shi, Sista, ki gaya min."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ni kuwa bakina ba ya da linzami. Amma na haɗiye, na tuna bayanin da likitanmu ya taɓa yi mana.

Na ce, "Alhaji, gidanka ba shiga ne, ko? In baƙo ya zo, ina yake tsayawa?"

"Zaure mana."

Na ce to haka Allah ya yi ƙwaƙwalwa. Jini na kai magani ko'ina a jiki, amma jijiyoyin jinin da ke cikin kai a matse suke, suna tace abin da zai wuce don kare ta daga guba. Abincinta ya shige, yawancin magunguna kuwa a zaure suke tsayawa. Ɗan abin da ya samu shiga bai isa ya ci ƙarfin ƙarin ba. Ko da ruwan zamzam Hajo ta ba shi maganin, haka za a yi.

Sai ya ce, "To ba a iya buɗe mai ƙohwa?"

Na ce masana na can suna nema, yadda za a shigar da magani ba tare da an bar ƙofar a buɗe ga cuta ba, amma abin bai iso gare mu ba. Na ji nauyin faɗin haka, don ya gane abin da nake nufi.

Ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana kallon ƙanensa. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Hajo, ɗumama kunun ki ba shi."

Ita ta ci gaba da jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa bayan sallar layya.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in magani yana da iyaka, ku gaya wa dangi tun ranar farko, da Hausar da za su gane. In kun yi shiru, sai sun nemo wanda za su ɗora wa laifi, kuma mai zaman jinya ce ta fi kusa da hannu.