Gaisuwar Gidan Iya

Shekarar da wayar salula ta shigo, Umma ta samu aikin jinya a wani ƙaramin asibiti da ke Ikeja. Baba kuwa dillalin tumatir ne a Mile 12, daga sallar asuba yake wucewa kasuwa. Ina aji biyu a sakandare, autanmu yana shekara uku, kuma ni ce mai kai shi gidan reno kafin in kama motar danfo zuwa makaranta.

Gidan renon na wata tsohuwa ce Bayarabiya a bayan layin dogo, nan Agege. Iya muke ce mata. Ɗaki ɗaya ne da baranda, da tabarmi, da yara kamar ƴan tsaki. A nan auta ya koyi cin tuwon amala, ya kuma koyi gaisuwar Yarbawa: ya ga babba, sai ya zube rub da ciki, ƙirji a ƙasa. Mu abin dariya yake ba mu, har ranar da saƙo ya zo cewa Hajiya, mahaifiyar Baba, tana tafe daga Katsina.

Hajiya dama ba ta so aikin Umma ba. Da Baba ya lallashe ta, cewa ta yi za ta zo ta ga yaron da idonta, in ta tarar an bar shi ya lalace a hannun bare, to Umma ta ajiye farin kayan ta zauna a gida. Baba kuma ba ya tsallake maganarta.

"Malam, in ta ga wannan kwanciyar ai cewa za ta yi sujada yake wa mutane," in ji Umma.

Baba ya dube ni. "Ke ce ƴar boko. Gyara mana shi."

Na ɗauki aikin da gaske, don na ga yadda Umma ke goge kayan aikinta kamar na zuwa biki. Kullum da yamma in zaunar da auta, in nuna masa yadda ake tsugunawa, a sunkuyar da kai, a ce ina wuni. Nakan ɗaura ɗankwali in zama Hajiya, har da tari. Ya iya sarai. Ranar Lahadi, wadda ita kaɗai muke cin abincin rana tare in Baba bai fita ba, aka gwada shi, ya tsuguna har sau uku, Baba ya ba shi tsokar nama.

Hajiya ta iso da ƙullin daddawa da kuka, ta zauna a kan tabarma tana mitar hayaniyar Ikko. Aka turo auta. Ya kalle ta, ya ga furfura da carbi, ya ga tsohuwa ta gaske ba ni da ɗankwali ba. Sai ya miƙe ƙafafu ya zube shimfiɗe a gabanta.

Umma ta shige kicin.

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "Angon nawa, ciwon ciki kake yi ko kuɗin cefane ne babu?"

Baba ya fara kame-kame. Ta ɗaga masa hannu. "Wa ya koya masa? Gobe a kai ni."

Ni na raka ta, ni kuma na yi tafinta, abin da na fi tsana a duniya. Iya na ganinta ta rusuna, ta kawo kujera da ruwa, yara kuma suka yi ta zubewa a gaban Hajiya, mata a kan gwiwa, maza a kan ciki. Hajiya ta duba farcen auta, ta leƙa tukunya, ta tambayi ko ana yi musu bismilla kafin ci. Iya ta ce ita ma ai ta je Makka, ta nuna haƙorin. Daga nan hira ta ɓarke, har da ƙyar nake cim musu da fassara. Iya ta ce uwar tana zuwa da gudu kowace yamma, amma uban sau ɗaya ta taɓa ganinsa, shi ma daga kan babur ɗin okada. Wannan na so in haɗiye, Hajiya ta ce, "Faɗi duka, ƴar nan."

Da muka dawo ta sa aka kira Umma da Baba.

"Yaron nan yana da ladabi, sai dai na wani gari ne. A riƙa nuna masa namu. Ke, je ki aikinki, Allah ya yi albarka." Sai ta juya ga Baba. "Kai kuma, ashe kai ne baƙon gidan. Lahadi ba kasuwa."

"Hajiya, Lahadi motocin Arewa ke..."

"Tumatirin ne ya haife ka?"

Umma ta sunkuyar da kai, tana danne dariya. Washegari tun kafin in gama shiri ta riga ta fita tarar mota.