Shafa Ɗaya

Ina zaune a shagon mai rubuta alluna, ina jiran nawa ya bushe, sai ga wani dattijo da 'yarsa ɗauke da tsohon allon kamfaninsu. Yatsun dattijon sun yi baƙi da man takalmi, irin baƙin da sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Rigarsa kuwa ta sha guga.

Allon cike yake da rubutu: takalman makaranta, jakunkuna, bel, gyara. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta: "In ya tsinke, dawo da shi."

"Baba, masu sayen kamfanin sun ce da abu ɗaya suke so a san mu," in ji 'yar. "Takalman makaranta kawai. Sauran duk a shafe."

Yana gyaɗa kai. Jakunkuna su tafi, bel ya tafi. Amma babban yatsansa yana kan layin ƙasan nan, yana shafa shi kamar kan jika. Ina jin ya fi shekara talatin yana cika wannan alkawari.

Wayar 'yar ta yi ƙara, ta fita. Sai ya matsa kusa da mai fentin, ya rage murya.

"Malam, nan wurin shafa ɗaya za ka yi masa, kada ka maimaita."

"Ai in rana ta haska, rubutun zai riƙa nunawa, Baba."

"Na sani," in ji shi.