Rakoda Biyu a Shagon Nwabueze

Duk wanda ya zauna a Dilimi a ƙarshen shekarun saba'in ya san Nwabueze mai gyaran rediyo. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kullum ƙaurin dalma, ga sanyin Jos na kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa. A garin aka haife shi, yaƙi ya kore shi gabas, da aka yi sulhu ya dawo da matarsa Bernadette da akwatin kayan aiki. Kai, mutumin nan akwai faɗa! Amma hannunsa na da albarka, shi ya sa ake haƙuri da bakinsa.

Aikin da yake taƙama da shi shi ne juye kaset. Ba wata waya da yake haɗawa. Ƙaramar rakodar mai kaya zai ajiye baki da baki da tasa babba ta kan tebur, wannan na faɗa, waccan na ɗauka. Illar kawai, duk abin da ya yi ƙara a ɗakin shi ma ya shiga ke nan. Don haka kafin ya danna sai ya rufe ƙofa, ya leƙa baya ya hana Bernadette daka, ya zare wa kowa ido. Mutane nawa suka sha zagi a kan tari ɗaya! Allah sarki, zamani. Yau wa zai tsayar da gida guda saboda kaset?

Wata Laraba da hantsi Hammajoda, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya shigo rungume da rakoda naɗe cikin mayafi. Mahaifiyarsa ta rasu a ruga da damina. Kafin rasuwar, ƙanensa ya ɗauko masa gaisuwarta a kaset, shi kuma ya yi ta sauraro har zaren ya yi laushi, rakodar ta fara taunarsa. Muryarta babu ita ko'ina sai a nan.

"Oga, ni ne ɗan fari," in ji shi, kansa a sunkuye. "Kunya ba ta taɓa barinta ta faɗi sunana ba. A cikin nan kaɗai ta kira ni, can wajen ƙarshe."

Nwabueze ya ɗaga kaset ɗin a haske, ya ga zaren ya kusa tsinkewa. "Malam, wannan sau ɗaya zai juya, ba ƙari. Kar ka yi tari, kar ka yi motsi. Ka ji ko?"

Ya danna. Muryar tsohuwa ta cika shagon, a hankali, da Fulatanci, ana jiyo kukan maraƙi daga nesa. Nwabueze bai gane ko kalma ba. Idonsa na kan zaren da ke tafiya da kyar, yana addu'a a zuci. Tsohuwar ta yi jim kamar mai shawara da kanta, sannan ta ce, "Hammajoda."

"Na'am, Inna!"

Da ƙarfi kuwa Hammajoda ya amsa, har ya zame daga kan benci ya durƙusa. Nwabueze ya ciji yatsa, ba halin magana. Tana gama sa albarka ƙaramar rakodar ta cafke zaren, ta dunƙule shi, ya tsinke.

"Haba, Malam! Me na gaya maka?" Ya zaro tsohon zaren, ya cukurkuɗe ba mai gyaruwa. "Dubi! Yanzu da me za mu sake?"

Faɗa yake, amma wallahi tausayi ne ya cika shi, ga takaicin aikin da ya ɓaci a hannunsa. Ya mayar da sabon kaset baya, ya kunna. Kukan maraƙi, shiru, sai kiran, sai amsar ta biyo shi daidai, kamar a bukka ɗaya suke zaune.

Nwabueze ya sassauta murya. "Zan iya goge naka. In na yi a hankali, ba zai taɓa nata ba."

Hammajoda ya ɗora hannu a kan babbar rakodar, hawaye na bin gemunsa.

"Bar shi, Oga. Tana raye ban samu na amsa ba."

Nwabueze ya sake mayar da kaset ɗin baya.